Murar da ta ƙi jin Piriton, don Allah mai dabara ya taimaka

Baban Sadik
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin ya kai ni bango. Shekarata uku ke nan a Manchesta. Shekarar farko lafiya lau. Bara na yi 'yar atishawa ta makonni kaɗan, ban ma kula ba. Bana kuwa tun ƙarshen watan Mayu ban huta ba. Ina farkawa atishawa ce, goma, sha biyar a jere. Hanci yana tsiyayar ruwa fari tas, idanu sun yi jawur, ƙaiƙayi har cikin ganɗa da can cikin kunne inda yatsa ba ya kaiwa. Ranar Babbar Sallah mun yi Idi a filin Platt Fields, a kan ciyawa, kafin liman ya gama huɗuba idona na dama ya kumbura ya kusa rufewa.

Piriton ɗin da na zo da shi daga gida nake sha, safe da rana da dare. Yana ɗan tsayar da atishawar, amma barci yake sa ni, ni kuma aikina tuƙi ne, kai kaya gida-gida. Shekaranjiya a danja gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai da na baya ya danna min hon. Wallahi na tsorata. Turawan wurin aiki sun ce wai hefiba ce (hay fever), wato zazzaɓin ciyawa. To ni ba zazzaɓi nake yi ba. Wanda ya san maganin da yake yi da gaske ya faɗa min.

Maman Ikram
Wa alaikumus salam. Sannu Baban Sadik, Allah ya ba ka lafiya. Ita ce, ba wata ba. Sunan ne kawai da zazzaɓi a ciki, amma jiki ba ya zafi. Ni shekara goma sha ɗaya muna fama da ita a Birmingham. Kafin komai don girman Allah ka daina shan Piriton kana tuƙi. Maman Hanif in kina kusa ki zo, wannan fagenki ne.

Sani Mai Waya
Malam wannan mura ce ta kama ka da kyau. Ka samu Ampiclox ka sha na kwana biyar, ka haɗa da citta da lemun tsami. In ba ka da shi ina da ragowar wanda aka kawo min.

Maman Hanif
Sani don Allah kar ka ba shi. Ampiclox maganin ƙwayoyin cuta ne, nan kuma babu ƙwayar cutar da zai kashe. Ko kwali goma ya sha atishawar tana nan, sai dai ya ɓata cikinsa, ranar da yake buƙatar maganin da gaske kuma ya ƙi yi masa aiki.

Baban Sadik sannu. Na shekara tara ina aiki a kemis a nan Leeds, kuma daga Mayu zuwa Yuli kusan rabin masu shigowa wannan ce ke kawo su. Yadda ake bambanta ta da mura: mura tana wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, majinarta takan yi kauri, jiki yakan yi ciwo. Wannan kuwa ruwa ne fari, ga ƙaiƙayin ido da ganɗa, tana yin makonni ko watanni, kuma takan tsananta in ka shiga ciyawa. Jikinka ne ya ɗauki garin furen ciyawa a matsayin abokin gaba, da ya taɓa hanci ko ido sai ya saki wani sinadari, histamin, shi ke jawo ƙaiƙayi da atishawa da zubar ruwa. Abin da ya sa shekarar farko ba ka ji komai ba, jiki sai ya haɗu da abin na kaka ɗaya ko biyu kafin ya fara bore. Baƙi da yawa sai a shekara ta biyu ko ta uku take kama su.

Baba Alhaji
Salamu alaikum. 'Yata Maman Hanif, wannan gari da kike faɗa ai yana da suna a Hausa. Bununi ne. Duk wanda ya taso a gona ya san shi, in gero ko dawa ta fitar da kai za ka ga wani gari rawaya-rawaya yana zuba, ka shiga gona da safe ka fito rigarka ta yi fururu. A ƙauyenmu a ƙasar Katsina akwai mutanen da ba sa iya shiga gero in yana bununi, idonsu ya kumbura su yi ta atishawa, mukan ce jininsu ne bai haɗu da shi ba. Ashe nan ma ciyawarsu bununi take yi.

Maman Hanif
Baba Allah ya ƙara girma, na karɓi wannan kalma hannu biyu. Shi ne dai. Bambancin kawai, na ciyawar nan ido ba ya ganinsa, iska ce ke yawo da shi. A Ingila kashi uku ne. Na itatuwa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, na ciyawa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli, na sauran tsirrai daga ƙarshen Yuni har Satumba. Na ciyawar shi ya fi kama mutane, kuma yakan yi tashe sau biyu, farkon Yuni da farkon Yuli. Ka ga kenan Baban Sadik, ranar Idi a tsakiyar tashensa ka zauna, har ka ɗora goshi a kai.

Yanzu magani. Ka yi haƙuri zan yi tsawo.

Piriton tsohon magani ne, yana shiga ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake sa barci, kuma awa huɗu zuwa shida ya gama aiki. Akwai 'yan bayansa da ake sha sau ɗaya a rana: setirizin, loratadin, feksofenadin. Na biyun farko miligiram 10 ne, feksofenadin 120. Ba sai da takardar likita ba. Kar ka biya kuɗin suna, ka juya kwalin ka karanta sunan maganin, na babban kanti mai arha da mai tsadar duk abu ɗaya ne a ciki. Tunda tuƙi kake yi na fi so ka ɗauki feksofenadin ko loratadin, don setirizin yana sa wasu mutane kasala. Ka fara gwadawa ranar da ba ka aiki ka ga yadda jikinka ya karɓa. Feksofenadin kuma da ruwa ake shan sa, ruwan lemo ko na tuffa yana hana jiki ɗaukarsa yadda ya kamata.

Amma gaskiyar da mutane ba sa son ji ita ce, in abin ya kai irin naka ƙwaya kaɗai ba ta isa. Ƙwaya tana rage atishawa da ƙaiƙayi, toshewar hanci kuwa ba ta iya mata sosai. Babban maganin shi ne na fesawa a hanci mai sitiroid, irin su Beconase, ko Pirinase, ko Clarinaze. Shi yake kwantar da kumburin da ke cikin hancin kansa. Sharaɗinsa biyu. Kullum ake fesawa, ko ka tashi garau. Kuma ba ya aiki nan take, sai bayan 'yan kwanaki za ka fara jin sauƙi, cikakken aikinsa yakan kai mako biyu. A nan ake rasa mutane. Mutum ya fesa kwana biyu ya ce ba ya yi, ya jefa a durowa.

Ido kuma akwai na ɗigawa, sodiyam kuromogilaket, sau huɗu a rana. Ka sa tsumma mai sanyi a kai in ya dame ka, kar ka murza.

Maman Ikram
Wallahi ni ce mai jefawa a durowa. Shekara uku ina cewa ba ya min aiki, ashe fesawar ce ban iya ba. Ina ɗaga kai sama in fesa in ja da ƙarfi, sai in ji ɗaci a maƙogwaro, wani lokaci har haɓo. Maman Hanif ki koya masa yadda kika koya min.

Maman Hanif
Ka fyace hanci tukuna, ka girgiza kwalbar. Ka sunkuyar da kai kaɗan kamar kana kallon yatsun ƙafarka. Hannun dama ya fesa wa hancin hagu, hannun hagu ya fesa wa na dama, bakin kwalbar yana kallon gefen kunne. Kar ya kalli guringuntsin tsakiya, shi ke jawo haɓo. Ka shaƙa a hankali. In ka ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro to ka ja da ƙarfi, magani ya wuce ciki bai zauna inda ake so ba. Kuma mu da muke alwala, ka yi alwalarka ka shaƙa ruwa ka fyace sannan ka fesa. In ka fesa ka je ka yi alwala ka wanke shi.

Ɗan Zariya
Da girmamawa ga Hajiya, amma wannan duk doguwar hanya ce. Ni abin da ya raba ni da wannan bala'i allura ce guda ɗaya, Kenalog. Bara na biya kuɗi a wani wuri mai zaman kansa aka yi min, kwana biyu na manta da wata atishawa har damina ta wuce. Bana ma na sake. Mutum yana da iyali yana da aiki, a ce ya yi ta fesa hanci mako biyu yana jiran sauƙi? Baban Sadik in kana so ka yi min magana ta gefe in ba ka lambar wurin.

Maman Hanif
Ɗan Zariya ban ƙaryata ka ba, tana aiki. Matsalar ita ce abin da take yi bayan aikin. Sitiroid ne mai ƙarfi ake zuba maka a tsoka lokaci guda, ya yi makonni yana yawo a jini, kuma in ya ba ka matsala babu yadda za a yi a zare shi. Ƙwaya ka daina sha, allura ta riga ta shiga. Tana tayar da sukari, tana tayar da hawan jini, tana raunana garkuwar jiki ta yadda ƙarambau ko wata cuta za ta iya yi wa mutum mummunan kamu. Wurin da aka soka yakan loɓa ya bar rami. In ana maimaitawa shekara da shekaru ƙashi yana yin laushi, akwai waɗanda kan ƙashin kwatangwalonsu ya lalace. Shi ya sa NHS, hukumar lafiyar gwamnati, ta daina yin ta don wannan ciwo, ba ta da lasisin maganinsa a ƙasar nan, kuma a 2022 hukumar kula da magunguna ta gargaɗi masu tallata ta a Facebook da Instagram su sauke tallan.

Ɗan Zariya
To ai na hancin ma kin ce sitiroid ne. Me ya bambanta su? Kuma sau biyu na yi ban ga komai ba. Ni ina ganin NHS tsimin kuɗi kawai take yi.

Maman Hanif
Bambancin yawa ne da wuri. Na hanci ana auna shi da maikirogiram, yana sauka a kan fatar hanci inda ciwon yake, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Allurar ana auna ta da miligiram, kuma duk jiki take zagayawa don ta gyara hanci. Kamar a ce ɗaki ɗaya ne yake yoyo ka kware rufin gidan gaba ɗaya. Batun tsimi kuwa, allurar ba ta da tsada, da kuɗi ne matsalar da ita za su riƙe. Ina roƙonka abu ɗaya, ka je a auna maka sukari da jini, kuma ka gaya wa likitanka an yi maka ita, ya rubuta a fayil ɗinka.

Sista Bilki
Ni nas ce a Landan, bari in ƙara abu ɗaya da ya shafe mu musamman. A cikinmu akwai masu sikila, akwai masu sukari da hawan jini da ba su ma san suna da shi ba. Sitiroid mai shiga jini yana iya tayar wa mai sikila da ciwonsa. Don haka a wannan gida kar a riƙa raba lambar wurin allura kamar lambar mai ɗinki. Wanda ya yi maka daidai yana iya kwantar da ɗan'uwanka.

Ɗan Zariya
Na ji. Ban san da maganar sikila ba, kuma ƙanwata tana da ita. Lambar ba zan bayar ba. Amma ni dai ban yi alkawarin dainawa ba, ku ba ku san yadda nake kwana ba in abin ya motsa.

Sista Bilki
Mun sani wallahi, ba wanda ya raina wahalarka. In ka yi ƙwaya da feshi yadda ya kamata kaka guda ba su yi ba, akwai matakai a gaba. Akwai feshin da ya haɗa magani biyu a kwalba ɗaya, Dymista. In shi ma bai yi ba likitan unguwa yana iya tura ka asibitin masu alaji, wato masu irin wannan boren jiki, a gwada fatarka a ga ainihin abin da jikinka ba ya so. Masu fama da bununin ciyawa akwai ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum, Grazax, tana koya wa jiki ya saba da shi sannu a hankali. Shekara uku ake yi, ana farawa watanni kafin kakar ta shigo, kuma layin yana da tsawo. Amma ita ce take taɓa tushen ciwon. Irin naka ne ake yi wa ita.

Baba Alhaji
'Ya'yana ku ba ni dama. Duk na ji bayananku kuma na ƙaru. Amma ban ji wanda ya ambaci zuma da habbatus sauda ba, alhali mun san abin da ya zo a kansu. Ni kowace safiya cokali ɗaya nake sha, kuma wani Bature maƙwabcina mai kiwon zuma ya ce min in mutum yana shan zumar unguwarsu jikinsa yakan saba da bununin wurin. Kar boko ya sa mu yar da namu.

Maman Hanif
Baba ba za mu yar ba, a gidana ma ba a rasa su. Wanda yake sha ya ci gaba, zuma tana sanyaya maƙogwaron da tari ya goge. Sai dai maganar maƙwabcinka an gwada ta ba ta tabbata ba, kuma dalilin a fili yake. Ƙudan zuma furanni masu kala da ƙamshi yake bi, bununinsu mai nauyi ne mai danƙo. Wanda yake damun Baban Sadik na ciyawa ne, mara nauyi, iska ke ɗaukarsa, ƙudan zuma ba ruwansa da shi. Don haka a sha zuma, a kuma fesa magani, ba sa faɗa da juna. Abu biyu kawai nake roƙo. Kar a ɗiga man habba ko man tafarnuwa cikin hancin da ya riga ya kumbura, ƙara masa wuta ne. Kuma jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma.

Baba Alhaji
Madalla. Haka nake so, a yi bayani ba a yi watsi ba. Allah ya yi albarka.

Maman Ikram
Bari in faɗi na cikin gida, don magani kaɗai bai isa ba in kana kwana da abin a gado. Ni sai da na daina shanya a waje daga Mayu zuwa Yuli. Ka wanke zanin gado ka shanya a bayan gida, ya kwashe bununi, ka shimfiɗa ka kwana a kai, ina sauƙi? In ka dawo daga aiki ka cire kayan a bakin ƙofa, ka yi wanka ka wanke kai da gemu kafin ka zauna. Taga a rufe da sassafe da kuma yamma, lokacin ya fi yawa a iska. A mota ka rufe gilashi, ka sa iska ta riƙa juyawa a ciki, ka tambayi masu motar yaushe rabon da a canza matatar iskarta. Ka shafa basilin kaɗan a bakin hanci, ka sa tabarau mai rufe gefe. Ka sauke manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayi, kullum tana nuna yawan bununin gari, ranar da ta nuna ja ka san yadda za ka shirya.

Sai wanda ya fi min ciwo, kuma mata ku yi haƙuri: turaren wuta. Ni 'yar Maiduguri ce, kun san mu da shi. Ba shi ne ya kawo ciwon ba, amma hancin da ya kumbura hayaƙi yana ƙara tunzura shi. Na lura duk daren da na turara ɗaki, maigidan da yarinyata ba sa barci. Yanzu wata biyun nan ajiye kaskon nake yi. Baban Sadik ka roƙi Maman Sadik ta ɗaga maka ƙafa zuwa Agusta.

Baban Sadik
Jama'a na rasa bakin godiya. Na je kemis ɗazu na sayo feksofenadin da Pirinase da na ido. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Akwai wani feshin, Otrivine, da wani abokin aiki ya ba ni, shi minti biyu hanci ya buɗe. Yau kusan mako uku ina amfani da shi, yanzu in ban fesa ba hancin toshewa yake kamar an sa siminti. Sannan da daddare nakan ji ƙirjina ya ɗaure, numfashina yana ɗan fito, ina tari har sai na tashi zaune. Na ɗauka duk cikin murar ne.

Sista Bilki
Baban Sadik tsaya. Wannan na ƙarshen da ka faɗa shi ya fi duk abin da aka tattauna tun safe muhimmanci. Ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fito, tari yana tayar da kai da dare, alamun asma ne, kuma ita da wannan murar 'yan gida ɗaya ne, hanyar iskar ɗaya ce daga hanci zuwa huhu. Gobe da safe ka kira likitan unguwarku, ka faɗa musu da waɗannan kalmomin, kar ka ce mura. In ba su ba ka lokaci ba ka kira 111, layin neman shawarar lafiya na NHS. In kuma cikin dare ka ji ba ka iya ƙarasa magana saboda numfashi, ko leɓenka ya canza kala, ka kira 999, lambar gaggawa, kai tsaye, kar a tsaya sirace ko shafa man zafi.

Ka kuma kiyayi ranar da aka yi hadari da tsawa a wannan kaka. Danshi yana farfasa bununin ya zama ƙanana, iska ta sauko da shi, ya wuce hanci ya shiga huhu. A Melbon ta Ostireliya, ranar 21 ga Nuwamba 2016, hadari ɗaya ya kai dubban mutane asibiti, mutum goma suka rasu, kuma da yawa daga waɗanda abin ya kama ba su taɓa sanin suna da asma ba, wannan murar kawai suka sani. In ka ga hadari ya haɗo ka shiga ciki ka rufe taga.

Maman Hanif
Ka bi maganar Sista kafin tawa. Otrivine kuma shi ya ɗaure ka. Irinsa ba a wuce 'yan kwanaki ana fesawa, mako guda ma ya yi yawa. Yana matse jijiyoyin hanci su buɗe hanya, in ya sake su sai su kumbura fiye da da, ka sake fesawa, haka za a yi ta yi. Na ga wanda ya shekara biyu da kwalba a aljihu. Ka daina. In ba za ka iya lokaci guda ba, ka fara barin hanci ɗaya, in ya warware ka bar ɗayan. Za ka sha wuya kamar mako ɗaya zuwa biyu, Pirinase ɗin zai taimaka. Ka haɗa da wankin hanci da ruwan gishiri: ka tafasa ruwa kamar rabin lita ka bar shi ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ɗaya na bekin soda (bicarbonate of soda), ka shaƙa kaɗan-kaɗan daga tafin hannu ka fyace. Ka gaya wa likitan ma kana amfani da shi mako uku.

Ummu Aisha
Allah ya ba da lafiya. Tambaya biyu gare ni. Ina azumin Litinin da Alhamis, feshin hanci yana karya azumi? Sannan yarona yana rubuta jarrabawar gama sakandare a wannan watan, idonsa kullum a kumbure, ina ba shi Piriton da safe.

Maman Hanif
Hukuncin na bar wa malamai, sun yi saɓani a kan abin da ya wuce ta hanci zuwa maƙogwaro. Amma ba sai kin shiga saɓanin ba. Pirinase da Clarinaze sau ɗaya ake fesawa a rana, ki mayar da lokacinki bayan buɗa-baki ko kafin asuba, shi ke nan.

Yaron kuwa ki daina ba shi Piriton ranar jarrabawa. An yi bincike a nan ƙasar a 2007 a kan ɗaliban da ke wannan jarrabawar, aka ga masu fama da wannan ciwo sun fi faɗowa daga makin da suka samu a gwajin hunturu, waɗanda suka sha maganin da ke sa barci kuma abin ya fi taɓa su. Ki ba shi loratadin. Feshin da ake sayarwa a kemis yawancinsa na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, nasa gara likita ya rubuta, kuma yaro ɗan makaranta irinsa ba ya biyan kuɗin magani. Ki sanar da makarantar ma, su zaunar da shi nesa da taga.

Malam Habu
Ina ta karantawa ban sa baki ba. Baban Sadik, garin da kake zaune a nan aka gano asalin ciwon nan. Wani likitan Manchesta, Charles Blackley, shi ma yana fama da shi, a lokacin ana cewa zafin rana ne ko ƙamshin busasshiyar ciyawa. Sai ya riƙa gwaji a jikinsa, yana shaƙar bununi, yana yagar fatarsa ya shafa ya ga ta kumbura. Har jirgin takarda irin na yara ya riƙa sakewa sama da zare, da gilashi mai danƙo a jiki, don ya ƙirga bununin da ke can sama. A 1873 ya fitar da sakamakon. Gwajin fatar da Sista ta ambata daga irin nasa ya samo asali.

Tambayata ga Maman Hanif: mahaifiyata a Kano duk hunturu haka take, atishawa da toshewar hanci daga Disamba har Fabrairu. In aika mata irin wannan feshin?

Maman Hanif
Malam Habu nata zai fi zama ƙurar hunturu da bushewar iska, ko ƙurar ɗaki, ba bununi ba. Feshin yakan taimaka in alaji ne, kuma ana samun irinsa a manyan kemis a Kano, ba sai ka aika ba. Amma hancin da hunturu ya busar yana saurin haɓo, ga shekaru, wataƙila ga maganin hawan jini. A kai ta wajen likitan hanci da kunne ya duba tukuna. Kafin nan ruwan gishirin nan, da basilin a bakin hanci, da takunkumi in za ta fita, da yayyafa ruwa kafin shara. Kuma a duba kar a ce ana saya mata ƙwayoyin mura masu buɗe hanci, yawancinsu suna tayar da jini.

Baban Sadik
Salamu alaikum jama'a, na dawo da bayani bayan kwana goma sha takwas. Washegarin maganar Sista na samu ganin likita. Ta saurari ƙirjina, ta sa na hura wani bututu, ta ba ni abin shaƙa na asma, ta ce in riƙa hurawa safe da yamma ina rubuta lambar, in koma bayan wata guda a tabbatar. Tun dare na uku ban sake tashi da tari ba.

Barin Otrivine shi ne ya fi wuya. Kwana shida da baki nake numfashi, na bi dabarar hanci ɗaya-ɗaya. Pirinase sai a kwana na biyar na fara jin bambanci, a na goma na farka ban yi atishawa ba ko ɗaya. Ido ne har yanzu yake ɗan damuna da yamma in na yi aiki a unguwannin da ake yankan ciyawa. Maman Sadik ta ajiye kasko, shanya ta koma ciki. Barci a kan sitiyari babu shi.

Maman Hanif, yaushe zan daina feshin, kuma baɗi yaya zan yi?

Maman Hanif
Alhamdu lillahi. Kar ka daina yanzu, tashen farkon Yuli yana nan tafe. Ka ci gaba har ƙarshen Yuli, in ka ga mako guda Met Office tana nuna ƙasa kuma kana lafiya sai ka tsaya. In ya kai wata uku kana buƙatarsa ka faɗa wa likitar. Baɗi kuma ka sa ƙararrawa a wayarka ranar 1 ga Mayu, ka fara fesawa mako biyu kafin ciyawa ta fara, kar ka jira atishawar farko. In ka ga a Afrilu ma kana yi, ko ɗanyen tuffa yana sa maka ƙaiƙayin baki, ka gaya min, wannan na itatuwa ne, sai mu matso da ranar zuwa Maris.

Ɗan Zariya
Hajiya na je an auna ni. Jini lafiya, sukarin ne suka ce ya ɗan hau, za a sake aunawa bayan wata uku. Na gaya wa likitan maganar allurar, na kuma roƙe shi ya tura ni asibitin alajin. Ya ce sai na yi kaka guda cur da feshi da ƙwaya tukuna. Wanne zan fara da shi, kuma ni da nake yi tun Afrilu wace rana zan sa ƙararrawar?

Maman Hanif
Tsakiyar Maris, ka sa 15 ga wata. Ka fara da Clarinaze ko Pirinase, feshi biyu a kowane hanci sau ɗaya a rana. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka fesa da yadda ka kwana, shi za ka ajiye wa likitan a kan tebur in kaka ta wuce.